Tsohuwar da Ke Cikin Duhu

Gidan 'yan zuhudu mata, birnin Napoli

Yaya Ascanio,

Gaisuwa cikin sunan Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da Mama.

Jiya aka rataye zanenka na haihuwar Almasihu bisa bagadi. Shugabarmu, Uwa Serafina, ta dube shi ta ce, "Fenti ne ya ƙare wa yayan naki, ya cike rabi da baƙi?" Tana so ka zo ka haskaka shi.

Ni ba wannan ya dame ni ba. Tsohuwar nan da ke miƙa wa jariri mayafi daga gefe, hannunta kaɗai ke cikin haske, kuma na ga tabon man suya a wuyan hannun. Wa za ka ruɗa? Hannun da ya soya kifi a bakin teku har muka girma ne. Don me ka binne fuskar Mama a duhu? Tun Ista ba ta zo tagar ganawa ba, kullum ka ce ciwon ƙafa. Ka san mu ba ma fita. In ba za ta zo ba, ka fito mini da fuskarta.

Ƙanwarka,
Eufrasia

Porzia,

Ni dai sunanki na gida na sani. Ina gaisuwa.

Ki faɗa wa shugabarku cewa da tagar majami'arku ta hagu na auna hasken. In na cire duhun, jaririn ma ya dushe.

Zancen Mama kuwa, ita ta ce in riƙa cewa ƙafa. Faɗuwa ta yi a bakin kasko, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa. Da na ce zan zana ta don ki riƙa ganinta, da ƙyar na gane maganarta: "Kai, ja ni baya a zanen. Yarinyar nan ta bar ni da kyauna. Zana mata hannun nan, shi ne mai lafiya." Na matsa, ta jefe ni da takalmi.

Allah ya tsare ki.
Ascanio

Yaya,

Gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ko bakinta ya koma ƙeya, uwata ce! Ka ɗauko ta a kujera ranar Lahadi. Ina roƙonka da girman Allah.

Porzia

Porzia, ƙanwata,

Salama gare ki. Ki yi haƙuri, Mama ta rasu ranar Juma'a da hantsi. Na karanta mata wasiƙarki, ta yi dariya da rabin bakinta, ta ce, "Har yanzu ba ta daina tsiwa ba." Kujerar ma na aro ta, tana nan a soro. Gidan ya yi mini girma.

Yanzu ba mai jifana da takalmi. In kin yarda, zan zo da kayan zanena in fito da fuskarta yadda take a da. Shugabarku ma ta huta.

Yayanki,
Ascanio

Yaya,

Allah ya ba mu haƙuri.

Kada ka zo da kaya. Na durƙusa wa Uwa Serafina, ta yarda a bar zanen. Da safe rana takan sauka daidai kan tabon, ina kallo ta bayan ƙarfen da ya raba mu da jama'a, ina kuka.

Mama ce ta zaɓi inda za ta tsaya. Ka bar ta a wurin. Kai dai ka zo ranar Lahadi in ga fuskarka.

Porzia