Kifin Teku da Tuwon Inna

Malam mai ba da shawara, ka taimake ni don Allah, abin ya fi ƙarfina. Ni matar aure ce a Gusau, bara na gama ajin yaƙi da jahilci, ka yi haƙuri da rubutuna.

Maigidana falken shanu ne. Wannan tafiya da ya yi Ikko, maimakon atamfa sai ya dawo da akwatin gilashi da wasu ƙananan kifayen teku masu zane, da garwa-garwa na ruwan teku a jirgin ƙasa. Ya ce ba na ci ba ne, na kallo ne. Ya kafa su bakin taga inda rana ke bugawa, ya ba ni famfon keke ya ce in riƙa hura musu iska safe da yamma. Ni da ko jaririna ban yi wa fifita haka ba.

Mutane har daga Tsafe suka riƙa zuwa kallo. Sai ga wani jan abu mai yauƙi ya rufe yashi da duwatsun da ke cikin akwatin, yana kumfa, yana wari. In na goge da safe, kafin la'asar ya dawo. Maƙwabta sun ce jini ne, sun hana yaransu shigowa. Maigida kuwa ya ce ni ke ha'incin famfo, ya daina cin abincina da fara'a.

Ga inda take, Malam. Mahaifiyarsa ta zo daga Bungudu jinyar ƙafa. Da idona na ga Inna tana marmasa musu tuwon dawa, jiya har da ɗan fura. Cewarta baƙi ne daga nesa, kuma ɗanta yana horar da su da yunwa. In na faɗa masa, na kai ƙarar suruka. In na yi shiru, kifin su mutu a ce ni ce. Hannuna ya yi kanta. Yaya zan yi?

Mai Famfon Keke, Gusau

Ya ke Mai Famfon Keke,

Kwantar da hankalinki, ba jini ba ne. Na tambayi wani malamin kimiyya, ya ce wani irin yauƙi ne mai kama da gansakuka, yakan fito a sabon akwati. Abin da ke ciyar da shi hasken rana ne da ragowar abinci da ruwan da ba ya motsi. Kin ga taga ta maigida ce, tuwo na Inna, ke kaɗai ke yaƙi da yauƙin.

A ɗauke akwatin daga taga, a lulluɓe shi da zane na 'yan kwanaki, amma kada ki bar famfo. Ki zuƙe yauƙin da bututun roba, ki maye gurbin ruwan da ya fita da na teku. In rana ce ta ƙafar da shi, ki cika da ruwan sama mai tsabta. Kada a zuba gishirin miya.

Inna ba ta yi mugunta ba, karamci ta yi, kuma kin kyauta da ba ki kai ƙararta ba. Shi ma maigida tsoro ne ya sa shi zargi. Ki ce masa abinci ya yi yawa, ba sai kin ce na wa ba. Sannan ki roƙe shi, a gabanta, ya ɗora wa Inna ciyar da kifin ita kaɗai: garin busasshen kifi, abin da yatsu biyu suka ɗauka, sau ɗaya a yini. Ku gaya mata cikin mutanen teku ba ya ɗaukar dawa. Wanda aka ba amana ya fi kowa tsare ta. Famfon yamma kuma ya koma hannun mai kifin.

Gaskiya, kifin teku a Gusau sai an yi sa'a. In suka ƙi zama, a cika akwatin da ruwan gulbi a sa tarwaɗa, ita ba ta raina tuwon kowa. Allah ya ba Inna lafiya, ya huci zuciyar maigida, ya hutar da hannunki.