Shekara uku kunkurun Baba yana kallon rana ta gilashi

Tete Shuvai,

Ki taimake ni da shawara, kuma don Allah kada ki yi dariya, domin maganar kunkuru ce. Ni malamar lissafi ce a jami'a, shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa zaton zan rubuta wa jarida wasiƙa a kan dabba ba.

"Madam, a ina kike ajiye shi?" Tambayar da likitar dabbobi ta yi mini ke nan ranar Talata, tana danna ƙoƙon cikinsa da babban yatsa, wurin yana lotsawa kamar murfin roba. Na amsa da taƙama cewa a falo yake, gaban ƙofar gilashi, inda rana ke faɗowa tun ƙarfe takwas. Ta dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya zo jarrabawa bai yi karatu ba. Ta ce gilashi yana barin haske da ɗumi su wuce, amma yana tare wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi ne jikin kunkuru ke gina ƙashi da ƙoƙo. Ta ce shekara uku ke nan yana kwance a rana, rana ba ta taɓa shi ba. Shi ya sa yake jan ƙafafun baya, shi ya sa ya daina cin abinci.

Kunkurun na babana ne. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Bulawayo, ya tsince shi a gefen layin dogo ina aji biyu a firamare, ya sa masa suna Sitimela, wato jirgi, wai ba ya sauri amma yana isa. Fiye da shekara talatin yana yawo a tsakar gidanmu, yana cin ciyawa da ganyen kabewa, yana yi wa Mama ɓarna a lambu, ko mura bai taɓa yi ba. Da Baba ya rasu aka sayar da gidan, kowa ya kwashi abin da yake so. Wani kujeru, wani firji. Ni na ɗauki kunkuru na taho da shi Harare.

Ga inda matsalar take. Muna zaune a bene na biyu, a rukunin gidaje goma sha takwas a unguwar Avondale, kuma mijina, Baban Ruva, shi ne shugaban kwamitin mazauna. A wurin aikinsa sau uku ana tsallake shi a ƙarin girma, amma a nan shi ne mai faɗa a ji. Shi ya rubuta dokokin gidan da hannunsa, shafi tara, har da launin labulen da aka yarda a rataya. Doka ta goma sha huɗu ta ce ba a ajiye dabba kowace iri. Ranar da na iso da Sitimela ya tsaya a kansa ya ce, "Maman Ruva, kin san matsayina a gidan nan. Ya zauna, amma kada ido ya gan shi." Na ce to. A lokacin har na ɗauka alheri ya yi mini.

Muna da baranda, rana tana cika ta har azahar. Amma shingen ƙarfe ne da ita, duk wanda ke tsakar gida yana hango abin da ke ciki. Saboda haka aka rufe ƙofar gilashi. Kullum da safe Sitimela yakan ja jiki ya je ya manna fuska a jikinta, yana turawa da ƙafa, yana ƙwanƙwasa ta da ƙoƙonsa. Mukan yi dariya. Baban Ruva yakan ce, "Dubi surukina, yana son ya je ya kai ƙarata." Ni kuma na je na sayo fitilar karatu na kunna masa a kusurwa, ina jin na yi ilimi.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Bara, Gogo Mlambo ta gida na uku a ƙasa, tsohuwar nas mai shekara saba'in da wani abu, aka gano tana da mage. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Ingila, magen ce kawai ke kwana da ita. Aka kira taro. Mijina ya miƙe ya yi jawabi a kan cewa doka ba ta san fuskar kowa ba, har aka tafa masa. Gogo ta ce, "Ɗana, wa ta taɓa cizo?" Ya ce ba maganar cizo ba ce, maganar tsari ce. Aka ba ta mako biyu. Ni ce sakatariyar taron, Tete. Da hannuna na rubuta hukuncin, da kyakkyawan rubutu, na hau sama na yanka wa kunkuruna latas. Har yau Gogo tana gaishe ni da "'yata", tana aiko mana da gyaɗa.

Da na dawo daga wurin likita na faɗa wa Baban Ruva cewa Sitimela yana bukatar rana ta gaske, awa biyu ko uku kullum, a baranda ko a kan ciyawar tsakar gida. Yana cin sadza, tuwonmu na masara, bai ko ɗago kai ba. Ya ce zaɓen kwamiti saura wata biyu, in yi haƙuri. Na ce likita ba ta tabbatar zai kai wata biyu ba. Ya ce to a sayo irin fitilar nan da ake cewa tana maye gurbin rana, ai kuɗi ne. Na ce wace fitila, a garin da ake ɗauke wuta tun asuba sai dare? Sai ya wanke hannu ya ce, "Ai ya daɗe a duniya, Maman Ruva. Dabba ce."

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da kowa ke wankin mota a tsakar gida, na sa Sitimela a kwandon wanki, na ɗauki jakata. Mijina ya biyo ni har bakin ƙofa. Bai tambayi inda za ni ba, bai tambayi yaushe zan dawo ba. Tawul ya miƙo mini ya ce in rufa a kai. Na bar shi da tawul a hannu, na ja ƙofa, na sauka.

Yanzu ina gidan yayata Nokuthaba a unguwar Hatfield, kwana biyar ke nan. Mijina ya turo saƙo biyu, duka a kan wa da wa suka gan ni. Tete, kunkurun nan zai tashi? In koma? In na koma, ina zan kai shi?

Sakatariyar Kwamiti,
Harare


'Yata Sakatariya,

Ban yi dariya ba. Mu fara da wanda ba shi da lokacin jira.

Na tuntuɓi wani likitan dabbobi. Ya ce kunkuru da yawa suna farfaɗowa daga wannan ciwo idan aka kama shi kafin ya yi nisa, amma a hankali, watanni ne, kuma likitarki ce kaɗai za ta san inda naki ya kai. Ki koma wurinta, ki bi maganin da ta rubuta. Ki riƙa fitar da shi kan ciyawa da hantsi, rana ta sauka a fatarsa kai tsaye, babu gilashi babu leda a tsakani. Lallai a sami inuwar da zai shiga da kansa, da ruwa a faranti marar zurfi. Kada ki bar shi a rana cikin kwando ko baho, zafi yana kashe su da sauri fiye da yadda kike zato. Ki riƙa ɗaukarsa da hannu biyu, don ƙashinsa ya yi laushi. Latas kusan ruwa ne zalla. Ki mayar da shi kan ciyawa da ganyen da ya saba, ki tambayi likita garin ƙarin ƙashi da ake barbaɗawa a abinci.

Fitilar karatu ba ta yi masa komai ba. Wadda ake nufi za ki ga an rubuta UVB a kwalinta. Ana rataye ta a tazarar da kwalin ya faɗa, ta yi awa goma zuwa sha biyu a kunne, a canza ta duk wata shida zuwa shekara ko da tana haske, a kuma haɗa da ta ɗumi. An yi ta ne don ƙasashen da rana ke ƙaranci. Mu nan rana muke da ita, wuta ce ba mu da ita. Wurin Sitimela tsakar gida ne. Ki roƙi yayarki ta killace masa kusurwa, ki kuma je hukumar namun daji ki tambayi takardar izini. Kada ki sake shi a daji da ciwo.

Sai ku mutane. Mijinki ya yi laifi, ya ɗora wa tsohuwa dokar da yake karyawa a falonsa. Amma kin faɗa da bakinki cewa kujerar nan ce kaɗai inda ake jin maganarsa, kuma mai tsoron rasa irin wannan yakan faɗi abin da ya fi zuciyarsa muni. Kuma ki lura, shekara uku ku biyu kuka rufe ƙofar nan. Rabin haushin da kike ji nasa ne, rabi naki ne, kada ki ɗora masa duka.

Ba zan ce ki kashe aure a kan kwana biyar ba. Ki kira shi ku zauna a gidan yayarki, ki faɗa masa cewa kafin zaɓe za ki sanar da kwamiti gaskiya, kuma kin fi so ya riga ki. Yadda ya amsa zai nuna miki ko akwai abin komawa.

Amma kafin wannan, ki je wurin Gogo Mlambo ke kaɗai, ki zauna, ki faɗa mata komai. Kada ki je neman yafiya, ki je ki tambaye ta inda aka kai magenta, da ko tana so a nemo ta. Mai yiwuwa ta daina ce miki 'yata. Ki jure, hakkinta ne.

Allah ya ba Sitimela lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciyar ƙwanƙwasa ƙofar Gogo.

Tete Shuvai