Lemon Inna da Bokitin Yaya

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun 'yata.

Da za a kwantar da ni asibiti na ba ka amanar dashen lemon tsamin nan, na ce ka ajiye shi a falo kusa da taga, ka riƙa ba shi ruwa kaɗan. Ka san shi kaɗai ya rage daga bishiyar marigayiya Inna tun da gara ta cinye ta. Jiya na aiki yarinyar ta karɓo mini, ta tarar da bokitin a tsakar gida kaji na shan ruwa a ciki. Dashen kuwa wai ka tuge shi ka binne a ƙasa, a tsakiyar rana. Wa ya aike ka? Raina ya ɓaci matuƙa. Ka mayar da shi bokitinsa, ka aiko mini.

Ka gaida matarka, ita ba ruwanta.

Yayarki ta bene, kamar yadda kake cewa.

*

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Kin rubuta "yayarki", da alama fushin har alƙalami ya taɓa.

Ban ɗaga waya ba ne don na san abin da zan ji. Yaya, bishiya ba kyanwa ba ce da za a ajiye a falo. Da na zare shi daga bokitin, saiwoyin sun nannaɗe da juna sun rasa inda za su bi, ganyen kuma fari fat kamar shi ma asibitin aka kwantar da shi. Shekara nawa yana wurinki, ko fure ɗaya ya taɓa yi? Ki zo ki ga tumatir da barkonon da na shuka a fili, ki gwada su da naki na gwangwani masu siraran wuya. Inna cewa take lemon nan zai yi mana rana. Ke kuma ranar kika hana shi.

A huta lafiya.

Ƙaninki.

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka don ba a mayar da gaisuwa.

Har da maganar Inna za ka yi mini wasa da ita? Tumatirinka da fara ke cin rabi, akuyar maƙwabta ta ƙarasa sauran, shi kake mini gori da shi? Nawa na gwangwani ba ƙwaro, ba ɓarawo, kuma ina tsinka ko da rani. Shukar da ta tashi a ɗaki ba a fitar da ita rana gaba ɗaya. A inuwa ake fara ajiye ta, a riƙa matsar da ita a hankali har ta saba. Da ka tambaya da na gaya maka, amma tun kana yaro ba ka tambaya sai ka ɓata.

Yarinyar ta sake leƙawa, ta ce ganyen duk ya ƙone ya zube, saura tsinke a tsaye. Ban iya cin abinci ba ranar. Idan dashen nan ya mutu, to ka kashe abu na ƙarshe da Inna ta taɓa da hannunta, kuma ba zan yafe maka ba. Ka tone shi. Kada ka ce in zo, ka san ba na shiga gidan nan.

Wassalam.

Yayarka.

*

Yaya,

Barka da warhaka. Yau ba wasa a bakina.

Na sani ba kya shiga gidan nan, ai maganar ke nan. Tun da aka fita da Inna kika ɗauki bokiti kika koma gidanki na bene, kika bar ni da ɗakinta a kulle da kututturen bishiyarta. Ni nake share wurin kullum. Ni ba ɗanta ba ne? Ke kin samu abin shayarwa, ni na samu ramin da gara ta bari a gindin kututturen. A ramin nan na dasa shi, gefen rijiya inda take shimfiɗa tabarmarta, don nan ne gidansa. Yarana ba su san fuskarki ba sai a hoto, suna tambayata ko faɗa muka yi.

Maganar inuwa kin fi ni gaskiya, ban sani ba. Na ɗauki fartanya zan tone shi, matata ta riƙe hannuna ta ce tugewa ta biyu ita za ta ƙarasa shi. Yanzu ban san ko yana da rai ba, ina tsoron taɓa shi. Amma ko ya mutu ko ya rayu, bokiti dai ba zai koma ba. Ki yi fushin, nima ina yi.

Na bar ki lafiya.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa.

Ka kafa masa rumfa da tsohon buhu, ka rage ruwan. Ana kankare ɓawon da farce ne a duba: in kore ne yana da rai, in ya bushe shi ke nan. Kada ka kankare, hannunka ba shi da sauƙi. Ni zan yi da kaina ranar Asabar.

Ba wurinka zan zo ba. Ka nemo makullin ɗakin Inna.

Yayarka.