Sa Hannun da Na Riga Emrys

Litinin, 6 ga Maris
Banki sun ƙi. Na ce wa yarinyar da ke aiki a can ni matar Emrys ce, tun kafin a haife ta nake wanke masa safa. Ta yi ta ba ni haƙuri, wai aure bai ba ni ikon taɓa asusunsa ba, ko a asibiti ma ba lallai maganata ta yi aiki ba. Sai da takardar wakilci, wadda zai sa wa hannu da kansa tun hankalinsa na jikinsa. Emrys na gefe yana shan alewar da suka ajiye wa yara. Da za mu fita ya riƙe min ƙofa, kamar kullum.

Laraba, 8 ga Maris
Carys ta turo takardun. "Mama, tun yaushe nake faɗa miki?" 'Yar nan tawa akwai son a ce ita ce da gaskiya. Guda biyu ne, ta kuɗi da ta lafiya. Ta lafiyar ce ta tsaya min a rai. In babu ita, ranar da ciwon mantuwar nan ya gama da shi, wasu ne za su yanke inda zai zauna. Shi kuwa abu ɗaya ya taɓa roƙona: kada a kai shi gidan tsofaffi, inda babansa ya ƙare.

Talata, 14 ga Maris
Dole wani da ba dangi ba ya zauna da shi su biyu, ya shaida ya san abin da yake yi. Maƙwabcinmu Alwyn ya yarda, tare suka yi tuƙin bas. Amma yau ba ranar Emrys ba ce, sai tambaya yake ko babarsa ta dawo daga kasuwa. Duk da haka na miƙa masa biro, sai ya juya shi ya maido min.

"Uwargida, mata ne kan gaba."

Na ce kai dai ba ka da dama. Na sa hannu, na rubuta kwanan wata. Nasa sai ranar da ya tashi garau.

Alhamis, 16 ga Maris
Ya tashi garau. Alwyn ya rufe ƙofar kicin, ina jiyo dariyarsu. Wai Emrys ya ce, "Glenys ce za ta karɓi sitiyari in na gaji. Dama can ita ke tuƙa ni." Ya sa hannu, na kai gidan waya. Mun ci kifi da soyayyen dankali. Rabona da jin daɗi haka na manta.

Lahadi, 23 ga Afrilu
Shiru, ba labarin takardun. Na tsinci butar shayi a firiji.

Juma'a, 19 ga Mayu
An tsince shi a tsohuwar tashar bas da kayan barci, wai ya makara aiki. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo, ta sha min shayi, ta ce "mu fara tunani". Na san tunanin. Na ce takardata na hanya.

Juma'a, 23 ga Yuni
An dawo da takardun. Wai an saɓa tsari: shi ne farko, sai mai shaida, ni ce ƙarshe. Kwanan watana ya riga nasa, don haka sai a sake daga tushe. A rubuce yake ɓaro-ɓaro a shafin da ban karanta ba. Na yi kuka a banɗaki, na saki ruwa don kada ya ji.

Litinin, 26 ga Yuni
Alwyn ya sake rufe ƙofar kicin. Ban ji dariya ba. Ya fito yana murza hularsa.

"Glenys, ya ɗauka mai duba mitar wuta ne ni. Ba zan iya ba."

Na ce ai da kunnenka ka ji abin da yake so a watan Maris. Ya ce ya ji, amma yau ake tambayarsa. Na ce wa zai sani? Ya ce shi zai sani. Na ce ya fita min daga gida, munafukin banza. Da yamma na tarar da tumatir ɗin lambunsa a bakin ƙofa.

Lahadi, 2 ga Yuli
Carys ta ce sai kotu yanzu. Watanni, kuma ko sun ba ni ta kuɗi, da wuya su ba ni ta lafiya. Ba ta ce tun yaushe take faɗa min ba. Gara ma ta ce.

Na gaji. Bayana, idona, komai.

Laraba, 12 ga Yuli
Mun je ganin gidan tsofaffin da ma'aikaciyar nan ta ce. Gani kawai. Babu laifi, akwai lambu, ba ya wari sosai. Da muka isa na tsaya a bakin ƙofa yadda na saba, ina jira. Ya tura ya shige abinsa, ƙofar ta dawo ta buge ni a kafaɗa. Bai waiwayo ba.

A hanyar gida na sayi 'yan ƙyallayen nan masu suna da ake ɗinka wa tufafin mazauna irin wannan gida. Arha na gani, ba don komai ba. Na gama da safa, saura riguna.