Ƙwaya Ta Uku

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta shekara ashirin da biyu, uban 'ya'yana,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda. Yau kwana tara da kwantar da kai a asibiti, gida ya yi mini faɗi kamar gonar da aka girbe. Yara lafiya lau. Auta kullum sai ta je ta goge gilashin shagonka, wai kada agogunan mutane su zaci babanta ya guje su.

Ka yi haƙuri da karkatattun layukana, kai ka san inda suka samo asali. Ka tuna lokacin da na shiga ajin manya, ina da 'ya'ya huɗu, ina jin kunyar riƙe fensir? A kan teburin aikinka na fara haɗa baƙaƙe, kana gyaran agogo da hannu ɗaya, kana nuna mini da ɗayan. Ka ce baƙaƙena sun yi kama da kaji da aka watsa wa tsaba. Na yi fushi, ka yi ta dariya har ƙaramin sukurun agogon ya ɓace maka. Wa zai ce karatun da ka koya mini da ƙauna shi zan juya in cuce ka da shi?

Masoyina, ciwon nan naka kogi ne, na daɗe da sanin halinsa. Wani lokaci ya cika ya yi ambaliya, ka daina barci, magana ta riƙa zubo maka. Wani lokaci ya janye ya bar ka kwance shiru kamar yashi. Maganin nan litiyom ne ya yi masa gaɓa, shekara uku muna zaune lafiya. Amma sai na ga hannunka yana rawa, hannun nan da ke ɗaukar abin da bai kai ƙwayar gero ba. Na ɗauko takardar bayanin da aka ba mu a asibiti, wadda da can sai dai in nannaɗe allura a ciki, na kwana uku ina karanta ta da yatsa. A jerin illolin maganin na ga rawar hannu, na ga ƙishirwa, na ga ƙoda. Daga ƙoda ban ƙara gaba ba, tsoro ya rufe mini ido.

Ƙwaya uku likita ya rubuta, ni kuwa na koma ba ka biyu. Ba ka taɓa ƙirgawa ba, buɗe baki kawai kake yi kamar ɗan tsuntsu, gilashin gyara na manne a idonka, don ka yarda da ni. Wata biyu ina haka. Rawar hannu ta ragu, na ɗauka na yi dabara. Sai kogin ya ɓalle.

Da awon jini ya nuna maganin ya yi ƙasa a jikinka, Yayanka ya ce zubar da shi kake yi. Ka rantse ba ka taɓa ba, ya ce ai mai irin ciwonka ba a kama rantsuwarsa. Ina tsaye a wurin. Gaskiya ka faɗa, farin watana, ni ce na yi shiru.

Yanzu na ji ranar Laraba likita zai zauna da kai a kan abin da za a yi. Ma'aikaciyar jinya ta lissafa mini: ko a ƙara maka litiyom ɗin, ko a koma wani mai sa barci da ƙiba, ko wanda ake farawa kaɗan-kaɗan ana duba fata saboda ƙuraje, ko allurar wata-wata. Kowanne da amfaninsa, kowanne da nauyinsa. To yaya zai zaɓa daidai alhali lissafin da ke gabansa na ƙarya ne? In ya ƙara a kan ukun da yake zaton kana sha, ba zai yi maka yawa ba? Wannan tunanin ya fi fushinka ba ni tsoro.

Ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka ce magani ya gaza, kada ka yanke ƙauna da shi. Ka gaya wa likita da bakinka maganar rawar hannunka, ka ce sana'arka a yatsunka take, ya duba abin da zai yi. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan. Na yi alkawari daga yau duk abin da na karanta ya tsorata ni, gabansa zan kai, ba zan sake yanke hukunci ni kaɗai a kicin ba.

Ranar Laraba zan riga likita isowa. Zan faɗi komai a gabansa, a gaban Yayanka kuma, don a wanke ka a inda aka ɓata ka. In ka kau da kai daga gare ni, haƙƙinka ne, zan fita in zauna a bencin baranda har ka aiko a kira ni. In ba ka aiko ba, zan dawo Alhamis.

Taka a cikar kogi da janyewarsa, muddin ina numfashi,
Uwar 'ya'yanka