Tukunya Mai Kunne Biyu

Zuwa ga Innata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Mijina ne ke rubuta mini da ajami, yana ta girgiza kai, amma maganar ta ƙi kwanciya a cikina.

Gida lafiya. Dawa ta yi kyau, an cika rumbu. Nasara sun kwashi maza suna saran hanya wajen Ribah, har ƙanena Umaru sun tafi da shi. Fatake kuma sun fara kawo tukwanen ƙarfe kasuwar Zuru, mata na ta shafa su, wai zamanin yumɓu ya wuce. Da kina nan na san tsakin da za ki ja.

Inna, kin tuna tukunyar nan da na gina ina budurwa? Shekara biyar ina bin ki ramin yumɓu na Dabai, ina niƙa miki tsingaro, ina gina irin taki sak, da shaidar babban yatsanki uku a wuya. Rannan na ga hannunki ya ƙone wajen sauke miya, sai na yi tawa, na ɗora mata kunne biyu na kamawa. Na kawo miki ita ɗanya, ina ta washe baki. Kika juya ta, kika ja kunne ɗaya ya ɓalle, kika dunƙule ta gaba ɗaya kika mai da ita cikin yumɓu. Ko kallona ba ki yi ba.

Wallahi na riƙe ki a zuciya. Ke ce fa kike cewa kowa da tukunyarsa a ciki, abin da zai dafa babu mai dafa masa. To tawa fa? Tun daga ranar ban sake ƙirƙiro komai ba. Da idonki ya dushe, ni nake ginin, in danna shaidarki, mutane su yabe ki, ni kuwa ina cika ina batsewa.

Ga abin da ya fi cin raina. Kina kwance, saura kwana biyu ki rasu, kika tambaye ni ko ina tuna mai kunne biyu. Na ce na manta, na ɗauki ƙwarya na fita. Ƙarya na yi miki, Inna. So nake ki ji ciwon da na ji.

Bayan sadakar arba'in muka fitar da kayanki. A bayan randa, an rufe da tsohon zane, sai ga ta. Tawa ce, amma hannunki ne. Kin sake gina ta, kin toya, kin yayyafa mata ruwan makuba har ta yi baƙi sumul. Na zura hannu ciki, na taɓa gindin kunnuwan. Ashe huda jikin kika yi, kika shigar da su ta ciki kika liƙe. Ni a waje kawai na manna nawa. Da na ɗaga tawa da tafasasshiyar miya, da kunnuwan sun ɓalle ta ƙona ni.

Me ya hana ki faɗa mini? Ko ranar nan abin da kike shirin faɗa ke nan, na fita na bar ki?

Wuyanta kuma babu shaida, kin bar wurin fili. Na ɗora yatsana a kai, amma yumɓun da ya sha wuta ba ya karɓar yatsa. Nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ki.

Jiya na gina guda shida, kunnuwa ta ciki kamar yadda kika nuna mini. Shaida ɗaya na danna, da ɗan yatsana. Ko masu ƙarfe sun cinye kasuwa, zan toya su. Taki kuwa tana kan murhu yanzu, miyar yakuwa ke ciki, zan sauke ta da hannu biyu.

Ban manta ba, Inna. Amsar tambayarki ke nan. Ki yafe mini. Allah ya jiƙan ki, ya sa kin huta.

Ɗiyarki mai taurin kai,
Hajo