Sunan Baba a Jikin Jirgi

Sabon Gari, Maraɗi
Lahadi, 4 ga Mayu

Yaya Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Fadila da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke taɓa ta jefi-jefi. Na koma ga takarda ne saboda ka daina ɗaukar wayata. Ita kuwa direban kar, motar fasinjan Yamai, zai damƙa maka hannu da hannu, ba ka cewa ba ta iso ba.

Wata bakwai ke nan da ka sayar wa baƙin nan kamfanin jirgin saman Baba, ka bar musu sunansa a jiki. Kai sun ba ka kujera a ofis mai sanyi, ni ce a gida. Ka san al'adar marigayi: kowace Asabar da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, duk wanda jirgi ya ɓata wa rai ya zo ya faɗa masa ido da ido. To, mutane ba su daina zuwa ba. Su a wurinsu, muddin an rubuta Na-Tsibiri a jikin jirgi, na Alhaji Idirisa ne. Jiya mutum tara na tarar. Wata 'yar kasuwa daga Jiratawa, akwatinta sati uku ba labari. Wani sau biyu ana ɗaga masa tafiya, ko saƙo ba a aiko masa ba. Ni da ko ƙofar ofishinku ban sani ba, ni ke ba da haƙuri har bakina ya bushe.

Amma ba wannan ya sa ni rubutu ba. Zancen Mushe Anuhu ne, abokin Baba na garin Tsibiri, wanda ya koya maka karatun boko a lakwal, shi ya sa har yau ake ce masa Mushe, wato malami. Idonsa na dama ya rufe, na hagu yana bi. Akwai baƙon likita a Yamai da zai yi masa aiki ranar Alhamis da yamma, kuma bayansa ba ya ɗaukar awa goma a mota. Ɗiyarsa Ruhama ta so ta yanka masa biye, wato tikiti, a ɗaya kamfanin jirgin da ke zuwa Yamai, ya ƙi ƙememe. Wai shi da ya ga ranar da Idirisa ya sauko da jirginsa na farko, ba zai juya masa baya ba don ya rasu.

Don Allah ka sa baki, jirgin safiyar Alhamis ya tashi da shi. Inna na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Halimatussa'adiya


Sabon Gari, Maraɗi
Juma'a, 9 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ka gai da Fadila. Ni dai ban tashi lafiya ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Jirgi ya tashi, Mushe yana ƙasa. Ni na kai su filin jirgi tun ƙarfe bakwai, ya sanyo farar rigarsa ta zuwa majami'a, biye a hannun Ruhama. Ashe mutanenka sun sayar da kujeru fiye da na cikin jirgin. Da wasu manya suka iso da tawagarsu, sai aka duba wa ya fi sauƙin turewa, aka ture tsoho makaho. Kaico! Shi kuwa bai ɗaga murya ba. Ya matsa gaban teburi a hankali, ya roƙi yaron kamfani ya sanar da gidan Idirisa na Yamai, za su gyara. Ma'aikacin ya dube shi ya ce shi bai san wani Idirisa ba. Yana faɗin haka, ga sunan Baba ɗinke a aljihun rigarsa. Yaya, na yi kuka a gaban mutane, ni da ko ranar janaza na daure.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a hanyar Tsibiri Mushe ne ke ba ni haƙuri. Wai kuskure ne, kowa na yi, zai jira jirgin sati mai zuwa. Likitan ya yarda ya ba shi Asabar 17, daga nan zai koma ƙasarsu. In wannan ta wuce, idon ya tafi.

Na ji saƙon muryar da ka bar mini. Ka ce yarjejeniya ta ba su sunan har shekara goma, in wani ɗan gida ya ɓata su a fili za su kai shi kotu, kai kuma su karɓe kujerarka. Ka ce in yi shiru. Haba Yaya! Jirgi ƙarfe ne, ka sayar, ban ce uffan ba. Amma mutanen nan ba ƙarfe suke bi ba, Baba suke bi, shi ya sa suke haƙuri da wulaƙancin da ba za su ɗauka a wurin kowa ba. Baƙin naka sun san haka, don shi suka sayi sunan.

Na ba ka zuwa Talata. Ko dai ku gaya wa jama'a gaskiya da bakinku, ko in faɗa da nawa.

Ƙanwarka,
Sa'adiya


Sabon Gari, Maraɗi
Litinin, 19 ga Mayu

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, alhamdu lillahi.

Talata ta wuce ban ji ka ba, na san kuma labari ya iso maka. E, ni ce na shiga gidan rediyo ranar Laraba. Ban zagi kowa ba. Na faɗi sunana da na ubana, na ce jirgin nan ba na gidanmu ba ne yanzu, duk mai shiga don Alhaji Idirisa ya sani babu Alhaji Idirisa a ciki, kowa ya bi inda ake ganin girmansa. Washegari takardar lauyansu ta iso. Na karanta, na sa hannu na karɓa, in sun kira ni zan je. Asabar ɗin nan na shimfiɗa tabarma kamar kullum, mutum biyu kacal suka zo, su ma gaisuwa ta kawo su.

Kafin rediyo sai da na je Tsibiri, don ban yarda Mushe ya ji a bakin duniya ba. Na durƙusa gabansa na gaya masa an sayar da kamfanin tun bara. Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya kira Ruhama ya ce ta yanki biye inda ta ga dama. Wallahi gara in je kotu sau goma da in sake ganin fuskarsa a lokacin nan.

Sun tafi a ɗaya kamfanin ranar Juma'a, an yi aiki Asabar. Likita ya ce da an ƙara kwanaki da ba abin da zai iya, amma yanzu yana sa ran idon zai gani. Jibi Laraba za a cire bandeji.

Na san ka ji haushina, wataƙila kujerar taka ma ta tafi. Ban so maka haka ba, Allah ya sani, kai kaɗai ne ɗan'uwana. Amma da za a sake, haka zan sake yi.

Saura magana ɗaya. Asibitin da yake kwance ba shi da nisa da ofishinku. Ruhama ta ce tun da ya farfaɗo yake tambayarka, wai yana so in an buɗe idon ya fara da ganin ɗan Idirisa. Ya ɗauka tilasta mana aka yi a sayarwar, ƙwace kamfanin aka yi daga hannunmu, har yana tausaya maka. Na gaya masa komai, ban da wanda ya sa hannu a takardar. Wannan kai za ka faɗa masa. Ƙarfe goma za a cire bandejin, ka je.

Allah ya ƙara lafiya, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka har kullum,
Halimatussa'adiya Idirisa Na-Tsibiri